Tambaya da Amsa: Me ke cikin lambar 2,147,483,647?

Assalamu alaikum masu karatu. A fitowar da ta gabata na ambaci lambar 2,147,483,647 a gurguje, na ce tana daga cikin lambobin da nafi so a duniya, ban yi wani bayani ba na wuce, ashe na tono abu, sakonni suka yi ta shigowa akanta. To yau filin nata ne gaba daya. Ga yadda ake karanta ta tukuna: biliyan biyu, da miliyan dari da arba'in da bakwai, da dubu dari hudu da tamanin da uku, da dari shida da arba'in da bakwai.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Wallahi da na ga lambar nan a rubutunka sai da gabana ya fadi, domin ina buga wani gem a waya na dade ina tara maki, da ya kai daidai 2,147,483,647 sai ya tsaya cak ya ki gaba, abokina kuma nashi makin komawa yayi mainos. Wayar ce ta samu matsala ko me ke faruwa? Daga wani matashi mai buga gem.

AMSA: Kanina wayarka lafiyarta kalau, bango ka tarar, kuma bangon nan lissafi ne ya gina shi. Kwamfuta da waya basa kirga da alkaluma goma irin namu, biyu kawai suka sani, 0 da 1, kamar makunnin wuta, ko a kashe ko a kunne. Duk lambar da za su ajiye sai an ware mata gurabe, kowane gurbi shi ake kira bit, kuma shekaru da yawa abin da aka saba warewa shine gurbi 32. Daga cikin 32 din nan ana cire daya a bashi aikin nuna ko lambar tana sama da sifili ko tana kasa da shi, kaga saura 31 kenan na ainihin kirga.

Yanzu ka bi ni a hankali. Da gurbi daya iyakar abin da zaka kirga 1 ne. Da gurbi biyu 3, da uku 7, da hudu 15, da biyar 31. Ka lura kowanne ninkin biyu ne aka cire masa daya: 2 ba daya, 4 ba daya, 8 ba daya, 16 ba daya, 32 ba daya. To in ka jera 2 guda 31 ka ninka su da juna, wato abin da ake rubutawa 2^31, zaka samu 2,147,483,648, ka cire daya, ga lambarka ta fito. A cikin wayar kuwa ba haka take da tarkacen alkaluma ba, 1 ce guda 31 a jere reras, duk makunnan a kunne, babu sauran wurin kara komai. In baka yarda 31 kacal zai kai biliyan biyu ba ka gwada a ka: ninki goma yana bada 1,024, wato dubu da 'yan kai, ninki ashirin dubu sau dubu miliyan kenan, ninki talatin biliyan, daidai dinsa 1,073,741,824, ka kara ninki daya ka shiga biliyan biyu.

Na abokinka kuma da ya koma mainos, ka san mitar mota in ta cika 999999 ta kara tafiyar kilomita daya sai ta juya ta koma 000000. Haka nan ma, sai dai anan ajiyar da ake yi in an kara daya tana tafiya ne har ta fada gurbin nan na 32 mai nuna alama, ta kunna shi, sai na'urar ta karanta abin a matsayin mainos 2,147,483,648. Wanda ya rubuta gem dinka ya sa birki a bakin bangon shi yasa naka ya tsaya, inda ba a sa birki ba sai a fada ramin. Ko YouTube sun ci karo da ita, a shekarar 2014 wani bidiyon waka na Koriya ta Kudu yawan kallonsa ya doshi wannan lamba, sai suka mayar da ma'aunin kirgansu gurbi 64.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni daliba ce a sakandare, malamin lissafinmu yace wannan lambar firam namba ce wai babu abin da ke raba ta. Ni dai abin bai shige ni ba, lamba sama da biliyan biyu ace duk cikin lambobin da ke kasanta babu ko daya? Kuma wa ya zauna ya gwada su duka?

AMSA: Kanwata wannan shakkar taki ita ake so, kada ki bari kowa ya raba ki da ita, a lissafi ba a karbar magana don babba ne ya fade ta. Amma malaminku gaskiya ya fada. Firam namba, ni ina kiranta gagara-raba, ita ce lambar da babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13. Ita kuma 2,147,483,647 tana cikinsu, kuma babu wanda ya gwada lambobi biliyan biyu, dabara aka yi, bari in nuna miki ita mataki mataki domin anan dadin abin yake.

Fara da abin da ido zai gani. Karshenta 7 ne, to 2 bata raba ta, 5 ma haka. Hada alkalumanta, 2+1+4+7+4+8+3+6+4+7 zai baki 46, shi kuma 46 in kin raba da 3 saura 1, to 3 da 9 sun fita. Wannan duk share fage ne.

Dabara ta farko: masu raba lamba bibbiyu suke zuwa, karami da babba. Dauki 91, ai 7 sau 13 ne, in kin samu 7 kin samu 13 a kyauta. To ba sai kin nemi babban ba, karamin kawai zaki farauta, kuma karamin yana da iyaka. 46,340 sau 46,340 yana bada 2,147,395,600, bai kai lambarmu ba, amma 46,341 sau 46,341 yana bada 2,147,488,281, ya wuce ta. Kinga da ace akwai lambobi biyu da in an ninka su zasu bada ita, dole daya ya kasance bai wuce 46,340 ba, domin in dukansu sun wuce to sakamakon ya zarce. Daga biliyan biyu aiki ya dawo dubu arba'in da shida. Sannan ba sai kin gwada 4 ko 6 ko 15 ba, tunda duk abin da 6 ta raba 2 da 3 ma sun raba shi, gagara-raba kawai zaki gwada, su kuma 4,792 ne a kasa da wannan iyaka. Har yanzu da yawa ga mai alkalami da takarda, amma ya zama aikin da dan Adam zai iya.

Dabara ta biyu ita ce wadda nake so ki rike. A 1640 wani Bafaranshe mai suna Pierre de Fermat ya gano cewa lambobin da aka samu ta hanyar ninka 2 a cire daya, in yawan ninkin shi kansa gagara-raba ne, to ba kowa ke iya raba su ba, mai raba su sai ya zo da wata kama ta musamman. Misali 2^11 ba daya shine 2,047, yana rabuwa, 23 sau 89. Duba su da kyau: 23 shine 22 da daya, 89 shine 22 sau hudu da daya, shi kuma 22 din ai 11 ne sau biyu. Ba dace bane, doka ce. To ga tamu mai ninki 31, duk mai raba ta dole ya zama ninkin 62 da karin daya: 63, 125, 187, 249, 311, haka haka. Hudun farko duk masu rabuwa ne basa cikin lissafi, kenan gagara-raba ta farko da ta cancanci a gwada ma ita ce 311, duk na kasa da ita an sallame su ba tare da an taba alkalami ba. Ki gwada 311 din da kanki, zaki samu 6,905,092 saura 35, bata raba ba.

Wanda ya karasa aikin shine Leonhard Euler, sunan ana furta shi Oila, haifaffen birnin Basel a 1707, a lokacin yana zaune a St. Petersburg ta Rasha. Ya kara tace dokar Fermat, ya nuna mai rabawar dole in an raba shi da 8 saura ya zama 1 ko 7, hada sharudan biyu sai ya zama ninkin 248 da karin 1, ko ninkin 248 da karin 63. Wadanda suka cika wannan sharadi a kasa da 46,340 basu kai 400 ba, in an cire masu rabuwa a cikinsu kuma su kara raguwa sosai. A 1772 ya rubuta wa abokinsa masanin lissafi Daniel Bernoulli wasika yana shaida masa cewa ya tabbatar lambar bata rabuwa. Abin da ke taba min zuciya duk sanda na tuna, a wannan shekarar Euler ya riga ya kusa makancewa gaba daya, yana da shekara 65, fada yake ana rubuta masa. Lambar ta zauna a matsayin gagara-raba mafi girma da aka sani kusan shekara dari, har zuwa 1867.

TAMBAYA: Ranka ya dade, ni malamin firamare ne. Na gwada 3, 7, 31, 127 duk na ga basa rabuwa. Zan iya fada wa yara cewa duk sanda aka ninka 2 aka cire daya ana samun firam namba?

AMSA: A'a Malam, don Allah kar a fada musu haka, 15 da 63 suna nan kusa zasu karyata mu, 15 shine 2^4 ba daya kuma 3 sau 5 ne, 63 shine 2^6 ba daya kuma 7 sau 9 ne. Dalilin ma yana da saukin nunawa a allo. A rubutun kwamfuta 63 shine 111111, daya guda shida, tunda shida tana rabuwa zaka iya yanka su 11 11 11 ko 111 111, kuma duk yankan da ya tafi daidai to guntun yana raba lambar, 11 a can shine 3, 111 shine 7. To sharadin farko sai yawan ninkin ya zama gagara-raba. Amma ko ya zama din ba tabbas, ga 2,047 can sama da ya fashe, 2^23 ba daya wato 8,388,607 shima 47 na raba shi, 2^29 ba daya 233 na raba shi.

Wadanda suka tsallake ana kiransu lambobin Mersenne, da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe. Jerin ninkin da ke bada su ya fara da 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, tamu ce ta takwas. Mai ninki 17 da mai ninki 19, wato 131,071 da 524,287, Pietro Cataldi dan Italiya ne ya tabbatar da su a 1588, kaga tsakaninsa da Euler shekara 184 ana jiran ta gaba. Wani karin armashi, 31 din kanta 2^5 ba daya ce, wato lambar Mersenne ce ta haifi wata lambar Mersenne.

Shi kansa Mersenne da aka sa wa abin sunansa yayi kuskure, a jerin da ya fitar a 1644 ya sa masu ninki 67 da 257 alhali suna rabuwa, ya tsallake masu ninki 61 da 89 da 107 alhali basa rabuwa. Na 67 din sai a 1903 Frank Nelson Cole ya fito da masu raba shi a wani taron masana lissafi a New York, ya tashi ya je allo ya lissafa 2^67 ba daya a gefe guda, a daya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287, amsa ta zo iri daya, 147,573,952,589,676,412,927. Wannan labarin ya dace da yara sosai Malam, su ga cewa misali hudu ko biyar da suka yi daidai basu isa su zama hujja ba.

TAMBAYA: Malam na ga ana yadawa wai a 2038 duk kwamfutocin duniya zasu mutu saboda wannan lambar. Gaskiya ne? Daga wata uwa mai bibiyar filin nan.

AMSA: Hajiya a kwantar da hankali, akwai gaskiya a ciki amma an zuba mata gishiri. Na'urori da yawa, musamman masu tsarin Unix, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, da danginsa, basa ajiye kwanan wata yadda muke rubuta shi, dakika suke kirgawa daya bayan daya tun daga karfe 12 na daren 1 ga Janairu 1970 agogon GMT. In an ajiye kirgan a gurbi 32 mai alama to zai cika a dakika ta 2,147,483,647. A raba ta da 86,400, yawan dakikun kwana daya, za a samu kwana 24,855 da ragowar awa 3 da minti 14 da dakika 7, shekara 68 da 'yan kwanaki kenan, shi yasa ake cewa 19 ga Janairu 2038 da karfe 3:14:07 na dare. Dakika daya bayan nan na'urar da ba a gyara ba zata dauka tana 13 ga Disamba 1901.

Maganin an san shi tuntuni, a koma gurbi 64, kuma yawancin wayoyi da kwamfutocin yanzu sun koma. Bangon gurbi 64 shine 9,223,372,036,854,775,807, in dakika ake kirgawa sai an yi shekara wajen biliyan 292 kafin a kai shi. Inda damuwar take shine tsofaffin kananan na'urori da aka dasa cikin injina aka manta da su, da tsofaffin manhajoji da rumbunan bayanai da ba a sabunta ba, wadannan ne injiniyoyi ke bi suna gyarawa. Kuma abin ba wasa bane, a 2015 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta fitar da umarni kan jirgin Boeing 787, cewa in an bar na'urorin kula da janaretonsa a kunne kwana 248 ba a kashe ba zasu iya dauke wuta. In aka kirga lambarmu da kashi daya cikin dari na dakika, kwana 248 da rabi take bayarwa.

Abu daya da zan kara, domin na ga masu hada biyun: zamanta bangon kwamfuta daban, zamanta gagara-raba daban, haduwa kawai suka yi a lamba daya. Ga shaida nan, bangon gurbi 64 din 2^63 ba daya ne, kuma tunda 63 tana rabuwa shima yana rabuwa, 7 da 73 da 127 duk suna raba shi.

TAMBAYA: Yaya makwabtanta suke, wadda ke gabanta da wadda ke bayanta? Suma basa rabuwa?

AMSA: Ina, ai su rabuwa suke kamar me. Ta gaba, 2,147,483,648, babu komai a cikinta sai 2, kayi ta raba ta biyu sau 31 har ka dawo 1, masu raba ta 32 ne. Ta baya kuma, 2,147,483,646, ita ce 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331, masu raba ta har 192. Gida uku a jere, daya 192, na tsakiya 2 kacal, daya 32. Daga nan ma zaka gane dalilin da yasa in ka raba lambarmu da 2 ko 3 ko 7 ko 9 ko 11 ko 31 kullum saura 1 kake samu, domin dukansu suna raba makwabciyarta ta baya cif, ita kuma ta dara ta da daya.

TAMBAYA: Malam a wani karatu da nayi na ga an hada lambobin Mersenne da wani abu wai cikakkiyar lamba. Meye hadinsu? Daga wani dalibin jami'a.

AMSA: Madalla dan'uwa, wannan tsohon zance ne, ya girmi Mersenne da kusan shekara dubu biyu. Cikakkiyar lamba ita ce wadda in ka tara duk masu raba ta, banda ita kanta, sai su dawo maka da ita daidai ba kari ba ragi. 6 ce ta farko, 1+2+3. Sai 28, wato 1+2+4+7+14. Sai 496, sai 8,128, daga nan sai wani dogon tsalle zuwa 33,550,336.

Euclid, wanda Larabawa ke kira Iklidis, a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya nuna hanyar kera su. Kayi ta tara 1+2+4+8 kana tafiya, duk inda jimlar ta zama gagara-raba ka tsaya ka ninka ta da lambar karshe da ka tara. 1+2 uku ne, sau 2, shida. 1+2+4 bakwai ne, sau 4, ashirin da takwas. Ka kai 16 jimla 31, sau 16, 496. Jimlolin nan 3, 7, 31 ai sune lambobin Mersenne. To in ka ci gaba har ka tara guda 31, ta karshe 1,073,741,824, jimlar zata zama 2,147,483,647 daidai, ka ninka su biyun ka samu 2,305,843,008,139,952,128, cikakkiyar lamba ta takwas, alkaluma 19. Euler din dai shi ya rufe daya bangaren, ya tabbatar duk cikakkiyar lambar da 2 ke rabawa to ta wannan hanya ta fito, babu wata kofa. Kenan kowace gagara-rabar Mersenne tana da cikakkiyar lambarta guda daya, kamar Dan Juma da Dan Jummai.

Ga wani abu da ni har yau yake burge ni. 1+2+3 har zuwa 7 yana bada 28, daga 1 har zuwa 31 yana bada 496. Haka in ka tara duk lambobi daga 1 daya bayan daya har zuwa 2,147,483,647, abin da zaka samu shine waccan mai alkaluma 19 din. Sannan tambayar ko akwai cikakkiyar lamba wutiri, wadda 2 bata rabawa, tana nan a bude sama da shekara dubu biyu, ba a samu ko daya ba kuma ba a tabbatar babu ba.

TAMBAYA: To yanzu wace ce gagara-raba mafi girma, kuma tsakani da Allah meye amfanin wannan wahalar?

AMSA: Mafi girma dai babu ita, Euclid ya tabbatar basa karewa: ko wane jeri ka kawo kace sune duka, a ninka su gaba daya a kara 1, sabuwar lambar babu daya cikin jerinka da zai raba ta domin kullum saura 1, to dole akwai wata a waje. Abin da ake da shi shine mafi girma da aka sani. A Oktoban 2024 Luke Durant ya gano 2^136,279,841 ba daya, alkalumanta 41,024,320, in zaka karanta alkalami daya duk dakika ba barci ba hutu sai kayi kwana 474 da wani abu. Ita ce ta 52 a lambobin Mersenne da aka sani, an same ta ne karkashin GIMPS, wani aikin sa kai da George Woltman ya fara a 1996 inda mutane ke bada aron karfin kwamfutocinsu.

Irin wadannan ba a gwada su da rabawa irin ta Euler, duniya zata tashi ba a gama ba. Akwai gwajin da Edouard Lucas ya faro, wanda da shi ya tabbatar da 2^127 ba daya da hannu a 1876, lamba mai alkaluma 39, daga baya Derrick Lehmer ya gyara shi wajen 1930. Gashi a karamin misali, mu gwada 31. Fara da 4, ninka ta da kanta ka cire 2, 14. Ninka 14 da kanta ka cire 2, 194, raba da 31 ka rike saura, 8. Ninka 8 da kanta ka cire 2, 62, raba da 31, saura sifili. Taku uku, wato yawan ninkinta 5 ba biyu, ka dira a sifili, to 31 gagara-raba ce. Ga 2,147,483,647 taku 29 kacal ake bukata, abin da ya ci wa Euler dogon lissafi wayarka zata gama shi kafin kiftawar ido.

Batun amfani kuma, a 1811 wani masanin lissafi dan Ingila, Peter Barlow, ya rubuta cewa cikakkiyar lambar da ta fito daga tamu ita ce mafi girma da za a taba ganowa, a ganinsa abin sha'awa ne kawai mara amfani, ba wanda zai wahalar da kansa ya wuce nan. Ni ban yarda da shi ba ko kadan, kuma zamani ma bai bashi gaskiya ba. Kwamfuta in tana bukatar lambobin da ke fitowa ba tsari kamar na kuri'a, irin na cakuda kati a gem ko gwajin kimiyya, daya daga cikin tsofaffin hanyoyin shine a dauki lamba a ninka ta da 16,807 a raba da 2,147,483,647 a rike saura, sauran a sake yi masa haka, Park da Miller sun bada shawarar wannan hanya a 1988. Saboda lambar bata rabuwa, kuma an zabi 16,807 da kyau, sai an zaga duk lambobi 2,147,483,646 kafin a maimaita ko daya. Wata hanyar da tafi ta yaduwa yanzu, wadda Matsumoto da Nishimura na Japan suka fitar a 1997, akan 2^19,937 ba daya aka gina ta. Tsaron sakonni da hada-hadar kudi ta intanet irin na tsarin kulle sako da ake kira RSA shima akan gagara-raba yake tsaye, sai dai can ba na Mersenne ake amfani da su ba tunda kowa ya san su, wasu ake zaba a boye masu daruruwan alkaluma, a ninka biyu a bar mai kutse da aikin warware su.

Ga aikin gida ga mai so, musamman kanwata 'yar sakandare: a dauki 127, wato 2^7 ba daya, a bi gwajin Lucas da Lehmer taku biyar daga 4, sannan a gwada 2,047 taku tara. A turo min sauran da aka samu a kowane taku, zan buga amsoshin a fitowa ta gaba in sha Allah.